Rufin Da Ba Kwano

Shekarar da aka rushe Zangon Wagadugu, cikin kangayen mutane Yahuza ya fara ganin Indabo. Shi yana ɗibar ƙasar tsofaffin katangu a amalanke, ita ta zo duba ko ƙyauren ɗakin uwarta ya tsira. Ta tambaye shi me zai yi da ƙasar da kowa ya gudu ya bari. Ya ce ɗaki zai gina. Ta yi dariya, amma fa ta karɓi lambar wayarsa.

Yahuza magini ne, ɗan Dogondutsi. Da unguwa ta watse, iyayensa suka koma Nijar, abokai suka bazu, wasu unguwar Dapoya, wasu Cissin. Shi kaɗai ya tare a filin da aka ba su bayan gari, ba maƙwabci, ba kuran, wato wutar lantarki. Wani irin gini ya koyo a garin Boromo: tubalin ƙasa ake jerawa, su lanƙwaso su haɗe a sama, ba katako, ba ƙarfe, ba kwano. Bango da kauri, tagogi na kallon kudu da arewa don kada rana ta leƙo. A kai ya kafa pano guda, faifan nan mai zuƙar hasken rana, ya ishe shi fitila biyu da cajin waya.

Shi ke dafawa, shi ke ci. Sai dai saƙonta.

"Maginina, ka ci abinci? Ko yau ma da tubali kake hira?"

"Indona, tubali ba ya ba da amsa. Ke nake jira."

Da magana ta kai ga ubanta, Alhaji Rabo, Bakano mai dillancin atamfa, ya ce bai baro gidan ƙasa shekara talatin ba don ya kai 'yarsa rumbu. Ga Jibrin mai sayar da siminti da kwano, shi ma yana nemanta, ya raɗa wa Alhaji cewa rufin da ba azara ruwan farko ke kayar da shi. Alhaji ya karɓe wayar Indabo.

Yahuza bai sani ba. Kwana arba'in yana aikawa, shiru. Ran da ya ga babur ɗin Jibrin a ƙofar gidan su Indabo, ya juya bai yi sallama ba.

Wata hantsi saƙo ya shigo da baƙuwar lamba.

"Ni ce Indo, wayar Inna ce, an karɓe tawa. Ban zaɓi kowa ba. Baba tsoro yake ji, ba ƙinka yake ba. Ka cire masa tsoron."

Ya tafi rumfar Alhaji ya durƙusa. "Baba, ku ɗora wa rufin nan duk abin da kuka ga dama. Ni zan zauna a ciki."

To, ɗan kasuwa ba ya sayen yadi sai ya ja shi. Ranar Lahadi, tsakar rana, cikin zafin Afrilu, Alhaji ya iso da dilar atamfa ashirin da 'yan dako goma, Jibrin na biye. Aka jibge kaya a kai, 'yan dako suka hau suna dire-dire.

Yahuza na zaune a tabarma yana jin dukan ƙafa bisa kansa. Ya yarda da aikinsa. Abin da ya tsaya masa a rai, in da rufin zai rufto, a duk Wagadugu babu nasa da za a je a gaya wa.

Alhaji ne ya fara karaya. Ya ce su sauko haka nan, kada ya ɗauki alhakin ɗan mutane, ya shiga don ya fito da shi. Yana shiga ya ji sanyin ɗakin, ya tsaya. Ya cire hula. Mutumin da kwanon gidan haya ya gasa wata biyu, kuran na ɗaukewa kullum, sai ga shi ya nemi wuri ya zauna.

Ya tambayi batun damina. Yahuza bai ɓoye ba, ya ce akwai leda a ƙarƙashin yaɓe, amma duk shekara sai an sabunta yaɓen, in aka yi sakaci zai yi yoyo. Alhaji ya ce shi dai Jibrin bai taɓa faɗa masa aibin kwanonsa ba.

"Wa ke gare ka a garin nan?"

"Ba kowa, Baba."

Alhaji ya jima yana kallon rufin. "Aika Dogondutsi su zo. Kafin su iso, ni ne naka."

Bayan damina aka ɗaura aure. Masu jere sun sha mita, don doguwar durowar amarya ta ƙi jingina da lanƙwasar bango, sai da kafinta ya rage mata kai. Alhaji ya riƙo hannun 'yarsa ya sa a na Yahuza, ya ce Allah ya sanyaya zamansu, ya cika ɗakin da zuri'a. Dangi suka amsa da amin, har ba a samu wurin zama ba.