Kwanon Juma'a

Hajiya Sakinatu ta buɗe kwanon da autanta Affan ya dire mata a falonta da ke unguwar Barking, ta yamutsa fuska.

"Wannan kuma mene ne?"

"Taco ne, Hajiya. Zarah ce ta ce ba ta mayar miki da kwano fanko."

Kowace Juma'a Hajiya kan aika wa Affan tuwo miyar kuka, ko da ya yi aure ba ta fasa ba. Amaryarsa Zarah Bahaushiya ce, amma a Houston ta tashi, inda abincin mutanen Mexico ya shiga kowane gida har yara sun ɗauka nasu ne. Hajiya ta ga yadda ɗan nata ke lumshe ido in ya ambaci girkin matarsa, kishi ya turnuƙe ta. Shekara talatin tana ciyar da yaron nan, bai taɓa lumshe mata ido haka ba.

"Ni za a yi wa gasa da nama cikin faifan masara? Mayar mata. Kuma kada ka sake kawo ta gidana."

Sau uku kwanon na komawa ba a taɓa shi ba. Zarah ta sha kuka, amma da Affan ya ce ta daina aikawa, ta girgiza kai.

"No, mahaifiyarka ce. Zan jure."

A Juma'a ta huɗu Hajiya ta hau jirgin ƙasa na District line zuwa gidan Affan da kanta, ta ƙudura yau sai ta yi wa yarinyar tas. Ta tarar da ita a kicin tana murza ƙullu. Zarah ta durƙusa ta gaishe ta.

"Ke 'yar nan, tuwon nawa ne bai ishi mijinki ba, kike maido mini da naki?"

"Wallahi Mama, ba haka ba ne." Hawaye suka zubo mata. "Ina shekara tara Ummana ta rasu. Maƙwabciyarmu 'yar Mexico ce ta riƙa ciyar da mu in Baba yana shift a wurin aiki. Taco ake ba mu a school, shi kaɗai na iya. Na ga kina aiko mana da abin da kika fi iyawa, shi ne na aika miki nawa. Ni tuwo ko sau ɗaya ban taɓa tuƙawa ba."

Jikin Hajiya ya yi sanyi, kunya ta rufe ta. Ashe da marainiya take ta kishi. Ta cire mayafinta ta rataye a ƙofa.

"Kina da muciya?"

"Ba ni da ita, Mama."

"To miƙo babban cokalin katakon can. Ɗora ruwa, 'yata."

Haƙurin Zarah ya sama mata uwar da ta rasa tun tana ƙarama. Uwar miji kuwa, kafin ta zargi surukarta da raini, ya kamata ta fara tambayarta wa ya koya mata girki.