Kyamara Mai Ido Biyu

"Kar ki buɗe!"

Saura kaɗan in saki kyamarar ƙasa. Na ɗago a fusace don in ga wane mara kunya ne ke min tsawa a tsakiyar kasuwar Black Market ta unguwar Adjamé, sai na ga mai rumfar da kansa, wani dogo, ya dafe murfin da hannu biyu.

"Pardon, 'yar'uwa... akwai fim a ciki. Haske na taɓa shi, shi ke nan."

Tsohuwar kyamarar Baba ce, baƙa, mai ido biyu ɗaya bisa ɗaya. A ƙasan akwatinsa na tsince ta bayan rasuwarsa, na kawo a gaya min ko tana da sauran amfani. Mai rumfar, Zaharadeen, ɗan Najeriya, ya nuna min lamba takwas a wata 'yar taga, ya ce an ɗauki hoto bakwai ke nan. Ya tambaye ni yaushe rabon Baba da ita. Na ce an ce tun ranar da mahaifiyata ta rasu, ina wata huɗu a duniya.

Sai na tuna: wataƙila tana cikin fim ɗin nan.

Ni Jamilatu ban san fuskar uwata ba. Inna Tsahara kunya gare ta, tana hango mai hoto take jan mayafi, na takardunta kuwa ambaliya ta tafi da shi. Shekara ashirin da uku ina jin "kamarku ɗaya", ban taɓa ganin da wa nake kamar ba.

Zaharadeen ya ce tsohon fim sai da lallashi, sai ya yi odar ruwan wankinsa, mako shida. A makonnin nan na zama 'yar rumfarsa. Kyamarori arba'in da ɗaya gare shi, kowacce ya san shekarunta da halinta kamar 'ya'yansa. Ya koya min riƙe ta Baba: ba a kai ta ido, a kan ciki ake rungume ta, a sunkuya a leƙa ta sama. Na leƙa, sai ga Adjamé gaba ɗaya a cikin gilashi kamar tafin hannu, mai tura amalanke ya yi dama, a gilashin ya yi hagu. Na ce masa duniya ta juye min.

"Haka nake ji in na gan ki, ma chérie, masoyiyata," ya ce a hankali.

Wallahi ranar ban san yadda na isa gidanmu a Williamsville ba.

Kawu Kailu, yayan Inna, shi ke riƙona, kuma ya ce ba zai ba mai tara bola irin Zaharadeen 'ya ba. Shi Fatihu yake so, mai shigo da wayoyi. Fatihu ya ji labarin fim ɗin, ya zo zance yana dariya, wai ɗan Najeriya ya samu mai sauraron tatsuniya. Ya karɓi kyamarar kamar zai duba, ya kalle ni ido cikin ido, ya ɓalle murfin a tsakiyar rana.

"Voilà, ga shi nan. Takarda ce kawai."

Na fizge na rufe, amma aikin gama ya gama. Na yi kukan da ban yi ba ko ranar mutuwar Baba. Da na kira Zaharadeen bai zagi kowa ba, ya ce hotunan farko sun naɗe cikin takarda, mai yiwuwa sun tsira. Bai min alkawari ba, shi ya sa na yarda da shi.

Ranar wankin fim na ce zan je Arras ta Treichville, inda yake da ɗakin duhu na wanke hoto. Kawu ya ajiye carbi.

"Ɗakin duhu? Da namiji? Sai dai da ni."

Haka muka tsallaka gada zuwa Treichville bayan azahar, Kawu na mita har ƙofa. Zaharadeen ya wanke fim ɗin, ya shanya, ya ɗaga shi. Biyar sun ƙone ƙurmus. Ɗaya bango ne kawai da igiyar shanya.

Saura ɗaya.

Ya kunna jar fitila, ya haska fim ɗin a kan farar takarda, ya tsoma ta a ruwa yana rausaya farantin. Ba komai. Can sai inuwa ta fara tasowa... ɗankwali... gira... sai wushirya irin tawa. Mace ce zaune a kan tabarma tana dariya, da jaririya a cinya.

"Allahu Akbar," na ji Kawu ya ce da wata irin murya. "Tsahara..."

Uwata ce ke fitowa daga cikin ruwa tana kallona, kuma ba ta ja mayafi ba.

Kawu ya goge ido da hula, ya ce tsakar gidansa ce wannan, to ta yaya ta yarda aka ɗauke ta hoto? Zaharadeen ya ce ai ba ta sani ba, mai wannan kyamara ƙasa yake kallo.

Kawu ya fashe da dariya hawaye na zuba.

"Kullum babanki ya shigo gidana kansa a sunkuye, muna ta yabonsa da kunyar surukai. Ashe ɓarawo ne!"

A bakin ƙofa, hoton na manne a ƙirjina, Kawu ya dubi Zaharadeen ya ce wanda ya dawo masa da ƙanwarsa ba bola yake tarawa ba, ya turo magabatansa ranar Juma'a.

Na juya ina murmushi, fuskata duk hawaye. Zaharadeen ya sunkuyar da kai ƙasa, na ce a raina Allah sarki, kunyar Kawu yake ji.

Sai na ji ƙas. Ashe kyamara ce rungume a kan cikinsa.