Muryar da Aka Cire daga Akwatin Baba Mai Rediyo

Da yatsa Baba Mai Rediyo ya gano an yi masa sata, don idon nasa ya daɗe da yin rauni. Ya dawo daga asibitin ido da hantsi, ya yaye zanen da yake rufe akwatin kiɗansa, ya kai hannu inda ya saba kaiwa kullum, sai ya ji wurin sumul. Babu maɓallan murɗawa, babu ramin waya, sai wani marfin ƙarfe da bai san da zamansa ba. 'Yarsa Auta tana ajiye jaka a falo ta ji ya ƙwala mata kira, irin kiran da bai yi ba ko ranar da mahaifiyarta ta rasu.

Akwatin nan sintisaiza ne, amma ba irin mai madannai ba. Wannan guntu-guntu ake sayensa, kowane guntu ana ce masa mojul, a jera su a akwati a ɗaure da sukuru, a haɗa su da wayoyi kala-kala. Wani ya fitar da sauti, wani ya tace shi, wani ya ja shi ya yi tsawo. Shekara takwas Baba yana tara nasa, tun da ya rufe shagon gyaran rediyo. Wanda aka cire shi ne mai ɗaukar murya, kuma a ɗan memorin da ke cikinsa akwai muryar marigayiya matarsa, tana 'yar waƙarta tana wanke kwanuka. Shekara biyu ke nan da rasuwarta, kuma muryar ba ta ko'ina a duniya sai a nan.

Wadda aka turo daga ofishin 'yan sanda Sajan ce, mace mai jiki, marar gaggawa. Maganar Allah, ba ta san komai game da kiɗa ba, ko tafi ta yi sai ya saɓa da na mutane. Amma akwai ta da ido, kuma ba ta jin kunyar tambaya.

"Baba, abin nan da aka ɗauke, shi ya fi sauran daraja a kasuwa?"

"Ina! Shi ne ƙaraminsu. Su kwashe akwatin duka, 'yar nan, su dawo min da ita kawai."

Auta ta matso ta rage murya. "Sajan, masu sayar da na hannu, abin da suke fara yi shi ne goge memori. In ya shiga kasuwa yau, shi ke nan."

Sajan ta dubi ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Taga na da ƙarfe. Wayoyin da aka zare daga mojul ɗin an naɗe su tsaf an rataye a ƙusa. Ta karɓi sukudireba a hannun Auta ta kwance marfin nan. Faɗinsa ya cike gurbin daidai, ko gashi ba zai shige ba. Sukuru huɗu ne, kowanne da 'yar washar roba a ƙarƙashinsa. A baya kuma, bakin wayar wutar da aka zare an naɗe shi da salatif. Da ta kunna akwatin na ɗan lokaci ta cusa hanci, sai ta ji ƙauri yana tashi daga abin ba da wuta.

"Wannan robar ta mece ce?"

"Don kada sukuru ya karce fuskar mojul," in ji Baba. "Salatif ɗin kuma don kada wayar ta taɓa wani abu ta haɗa wuta."

"To ga uku nan a ƙasa babu robar, duk sun karce, sukurun ma kowanne da kalarsa."

Baba ya kau da kai. Auta ce ta amsa. Na saman duk a shagon Kawu aka saye su, ƙanen mahaifiyarta. Na ƙasan uku da abin ba da wuta kuwa, wurin wani ɗan kasuwa ne da ake ce wa Rangwame. Fiye da shekara ke nan Baba bai taka shagon Kawu ba.

"Tsada gare shi da iyayi," Baba ya faɗa a fusace. "Kada a ƙara kawo min zancensa a ɗakin nan."

Sajan ba ta ƙara ba. Ta zuba marfin da sukurun a aljihu ta fita.

Tela ta fara tsayawa wurinsa, maƙwabcin da bangonsa ke manne da ɗakin Baba, wanda kowa ya san ya sha kai ƙarar hayaniyar akwatin.

"An ce ba ka son kiɗan nan."

"Kiɗa? Ranki ya daɗe, ƙudan zuma ne a kwalba. Ni da zan yi sata, akwatin zan ɗauka ɗungurungum in jefa a rijiya."

"Wa ka gani da safe?"

"Bayana nake ba ƙofa, ga mai riga tsaye a kaina tun bakwai, ki tambaye shi. Shekaranjiya dai na ga Rangwame ya shiga." Ya ɗaga ƙafa daga keke. "Wai muryar baiwar Allahn nan aka ɗauke? Kai, ba a kyauta ba. In ya kunna ta, ni ma tsayar da ɗinki nake yi."

Mutumin da bai san mojul daga batir ba, ba shi zai zo da marfi daidai gurbi ba. Sajan ta wuce shi.

Ta sauya kaya ta tafi wurin Rangwame a matsayin mai saye. A bayan wani shagon waya yake, da tebur ɗaya, mojul ɗinsa a jibge cikin kwali kamar albasa.

"Hajiya, kin zo gida! Sauƙi sai nan."

"In na ɗauki wannan, za ka gwada min?"

"Gwaji kuma? Ai kaya in ya fita ya fita."

"Za ka haɗa min da washa?"

"Washa ta me? Ki ɗaure abinki kawai, karcewa ba ta hana kiɗa."

"In gurbi ya rage a akwati fa?"

"Kwali ake yankawa a toshe, Hajiya, kada wani ya yaudare ki."

Da ta nuna masa katin aiki, ta tambaye shi inda yake da safen nan. Ya rantse ya maimaita, ya zaro takardar karɓar kaya da ta nuna tun sassafe yana layi a gidan waya har azahar. Sajan ta juye kwalin ta duba ɗaya bayan ɗaya, babu mojul ɗin Baba. Ta ce masa ya kwashe abubuwan ba da wutar nan nasa daga tebur, za ta dawo a kansu. Macuci ne, babu ko tantama, amma ba shi ya shiga ɗakin ba.

Shagon Kawu ɗan ƙarami ne, fes da shi. Kowane mojul na cikin ledarsa, ga akwatin gwaji a kan kanta. Shi kansa gajere ne, mai furfura a gemu, idonsa ya yi ja kamar wanda ya sha kuka.

"Malam, ɗana ne ya matsa min sai na saya masa irin kayan nan. A ina ya kamata in saya? An ce can bayan shagon waya ya fi sauƙi."

"Ba sai wurina ba, Hajiya. Ki saya inda za a kunna a gabanki ki ji da kunnenki, inda kuma in ya lalace kin san ƙofar da za ki buga. Abin ba da wuta kuwa, kada ki yarda ki nemi araha a kansa. Shi ke ciyar da sauran, in ya haukace duk sai ya ƙone su."

Yana magana yana ɗaura wani mojul a akwatin gwaji don ya nuna mata. Ko kallon hannunsa ba ya yi. Ya ɗauki sukuru, ya zura masa 'yar washar roba, sannan ya ɗaure. Na biyu ma haka. Sajan ta bari ya gama na huɗu, ta zaro marfin nan ta ajiye a kan kanta, ta jera sukurun a gefensa.

"Kawu, ka manta kayanka a gidan yayarka."

Sukudireban ya suɓuce daga hannunsa. Ya nemi kujera ya zauna.

"Ni 'yar sanda ce," ta ce a hankali. "Ɓarawon da ya zo neman abin sayarwa manyan zai kwasa, ya fizge wayoyi ya gudu. Wannan ya ɗauki ƙarami, ya naɗe wayoyi, ya rufe bakin wuta da salatif. Ya zo da marfi daidai gurbi, ke nan ya san faɗin mojul ɗin tun daga gida, kuma wa zai sani in ba wanda ya sayar da shi ba? Sannan marfin banza, wanda ba wanda zai damu in ya karce, aka sa masa washa huɗu. Hannunka ne ya tona ka, ba ya iya ɗaure sukuru tsirara. Ƙofar ma da mukulli aka buɗe."

"Tun tana jinya ta ba ni shi," ya ce. "Makon jiya wani ya kawo min mojul biyu a ƙone, irin abin wutar da Yaya, mijin nata, ya saya wurin Rangwame ne ya cinye su. Na aika Auta ta gaya masa, ya ce baƙin ciki nake yi don ya daina sayayya a wurina."

"Shi ya sa ka cire?"

"Shi ya sa."

"A'a, Kawu. Da wutar kaɗai kake tsoro, ita za ka cire ka bar masa matarsa."

Nan fa hawaye suka zubo masa, dattijo da shi, bai ko share ba.

"Yayata ce. Ita ta goya ni da mahaifiyarmu ta rasu. Na roƙe shi ya bar ni in kwafi muryar, ya ce memorin zai lalace in an zare. Ni zai gaya wa haka? Muka yi musayar baƙar magana, daga ranar ya koma wurin Rangwame. Shekara biyu ban ji ta ba, Sajan."

"To yau ka ji ta?"

Ya jawo aljihun tebur. Ga mojul ɗin nan a naɗe cikin hankici, memorin na ciki. "Na ɗaura shi sau uku. Hannuna ya kasa kunnawa. Na ji kamar ita ma zan sace ta."

Tausayinsa ya kama Sajan ƙwarai, amma sata sunanta sata, kuma mai ƙara ne kaɗai zai iya janyewa. Ta ce ya rufe shago ya biyo ta. Ya ɗauki mojul ɗin, ya ƙara da sabon abin ba da wuta daga kan kanta, ba ta hana shi ba.

Da la'asar suka shiga. Baba ya gane takun tun daga ƙofa.

"Gajere? Ashe kai ne, munafuki!"

"Ni ne, Yaya."

"Ba ni ita."

Kawu ya durƙusa ya sa masa a tafin hannu. Baba ya shafa shi gaba da baya, ya taɓa memorin, ya sauke numfashi. Kawu ya cire abin wutar Rangwame ya sa sabon, da aka zo ɗaurawa sai Baba ya ce, "Jan layin wayar ƙasa yake kallo."

"Ni za ka koya wa?"

"Ɓarawo ma har da baki."

Aka kunna. Ƙarar kwanuka ta fara fitowa, sannan muryar mace, siririya, tana waƙa ba tare da ta san ana ɗauka ba. Auta ta toshe baki. Ta bayan bango aka ji keken Tela ya tsaya. Waƙar ta kai wani wuri ta yanke, ta koma farko, kamar yadda take yi kullum.

Sai Sajan ta lura yatsun Baba na kan wani maɓalli da ke tsaye a rabi, wanda ke faɗa wa mojul inda zai tsaya. Ya daɗe yana riƙe da shi. Can ya murɗa shi har ƙarshe.

Wannan karon waƙar ta wuce inda take yankewa. Aka ji ta ajiye kwano, ta yi dariya. "Malam, wai ɗaukata kake yi? Kashe abin nan, ka kira min Gajere ya zo ya ci abinci. Kuma don Allah kada ku fara musun nan naku."

Kawu ya kifa kai a gwiwar Baba yana kuka kamar ransa zai fita. Auta ma ba ta taɓa jin wannan wurin ba.

"Ba memorin ne zai lalace ba," in ji Baba. "Kishi ne, Gajere. Abu ɗaya da ya rage min nata, a ciki ma kai take nema. Ni kashe abin nan kawai aka ce min, kai har da abinci."

Sajan ta goge ido da bakin mayafi, ta buɗe littafinta. "Baba, me zan rubuta a kan ƙarar?"

Baba ya ɗora hannu a kan furfurar ƙanen matarsa.

"Rubuta an samu kaya. Ɓarawon kuma ki bar min shi a nan, akwai mojul uku a ƙasa da ba su da washa. Auta, zuba masa abinci, ai kin ji abin da uwarki ta ce."