Guntun Kwalin Ashana

A wargaje na sayi injin daga hannun wata mata da mijinta ya rasu, irin injin nan da ke narka roba ya ƙera ƙananan kaya. Sati uku ina haɗa shi ni kaɗai, ba mai ce mini sannu. Na sake bel, na sa sabon farantin da robar ke zuba a kai, amma ta ƙi kamawa.

Wani dare na ji sallama a bayana, muryar kamar daga cikin rijiya. Wani siririn mutum ne, ya ce ƙarar injin ce ta kawo shi. Wallahi daɗi na ji, har na tura masa kujera.

Bai zauna ba. Ya kama bakin injin da yatsu biyu.

Na ce, "Malam, za ka ƙone!"

Ko gezau bai yi ba. Lambar da ke nuna zafin injin ta yi ta sauka, daga ɗari biyu har goma.

"Kusurwar hagu ta injin nan a karkace ta zo," ya ce, bai ko dube ni ba. "Ina guntun kwalin ashanar da na cusa mata?"

Da hannuna na jefar da shi, ranar da na kawo injin gida.