Ruwan Wankan Anichebe

Mama na je ɗaukowa, iyakar abin da ya kai ni tsohuwar unguwarmu ke nan. Na tashi daga kasuwa a makare, rana ta riga ta jingina da duwatsun Udi lokacin da ɗan acaɓa ya taka birki a bakin kwalbati.

"Anti, sauka. Nan ne ƙarshen tafiyata."

"Haba, ka ji tsoron Allah! Ga gidan can ana hangowa."

"Yau ana hangowa. Dubi titin mana."

Na duba. Kwaltar ta dare biyu, ɓangare ɗaya ya zauna ƙasa har kusan gwiwa. Bututun ruwa ya karye yana zuba cikin tsagar, amma ba a jin inda ruwan ke sauka. Turakun lantarki sun sunkuya, wayoyi na jan ƙasa.

"Aljanu sun karɓe layin nan," in ji shi. Ya juya babur bai ko tsaya ciniki ba.

Duk wanda ya tashi a nan ya san ƙarƙashinmu kogo ne. Iyayenmu suka haƙe shi. Idan suna ɗibar kwal sukan bar ginshiƙai su riƙe rufin rami. Da masu ramin suka ga rufewa ta zo, sai suka ce a cinye ginshiƙan ma, a fito da baya-baya. A wannan aiki rufi ya rufta kan mahaifina, Anichebe, ina ƙarama. Ba a fito da shi ba. Yanzu da ni ma na fara furfura, ramin ya shiga cin abin da ke kansa. Makaranta ta tafi, coci ya karkace, maƙwabta suka kwashe. Mama kaɗai ta kafe.

Na same ta a bayan gida tana hura wuta ƙarƙashin tukunya. Ga bokiti, ga soso, ga sabulun salo a kan murfin kwano.

"Mama, ɗauko jakarki."

"Nkem, ko gaisuwa babu? Haka kuke a cikin gari?"

"Ina wuni. Ɗauko jakarki."

"Ruwa bai yi zafi ba."

Raina ya ɓaci. A layinmu mace ba ta barin miji ya fito rami ya tarar ba ruwan zafi. Shi zai wanke sauran jikinsa, ita ta cuɗa masa baya. Kafin nan ba ya tsallaka ƙofar ɗaki, ba ya taɓa abinci, ba ya taɓa 'ya'yansa. Wanda ba a wanke wa baya ba bai dawo ba tukuna, na rami ne. Tun ranar da Baba ya shiga bai fito ba, Mama ba ta fasa ɗora ruwan nan ba ko da yamma ɗaya.

"Har yaushe za ki yi ta dafa wa ƙasa ruwa?" na ce. "Bangon ɗakinki hannuna na shiga cikinsa! Jira kike ya faɗo miki?"

"Ji bakinta. Na ubanki sak."

"Mama, don Allah."

Ta gyara itace, ba ta dube ni ba.

"Da can ubanki nesa yake, 'yar nan. Yanzu ƙasa na sauko da ni kusa da shi. Sai yanzu zan tafi?"

Na shiga ɗaki na fara cusa zannuwanta a jaka da kaina.

A nan na lura gyare sun yi shiru.

Iska mai sanyi ta taso daga tsagar daɓe ta daki ƙafata. Da wari ta zo, warin laka mai tsami da na fitilar 'yan rami, mai kama da tafarnuwa. Rabona da shi tun ina zama a cinyar Baba.

Sai takun takalma. Ba daga titi ba, daga ƙasa. Masu yawa, masu nauyi, tafiyar mutanen da suka gaji. Wani ya yi tari. Wani ya ja shebur a kan dutse.

Suka wuce ta ƙarƙashin ɗakin.

Ɗaya ya tsaya.

Na fito da gudu. Tukunya babu ruwa. Mama ta shiga makewayin kwano da bokitinta.

"Mama?"

Ta kwara ruwa. Ruwan da aka zuba a ƙasa daban ƙararsa take da wanda aka zuba a jikin mutum. Wannan a jiki ya sauka.

Ya gangaro ta ƙarƙashin kwanon, ya zo har yatsuna. Baƙi ƙirin.

"Ugoye," wata murya ta ce a hankali. Sunan Mama ke nan, kuma mutum ɗaya ne ke kiranta da shi. "Ƙasa kaɗan."

Mama ta yi dariya, wata siririyar dariya da ban taɓa jin ta a bakinta ba.

"Ka rame," ta ce.

Na ja ƙyauren.

Baya na gani. Mutum zaune a kan kujerar tsuguno, ya sunkuyar da kai, tururi na tashi daga jikinsa. Inda soso ya bi, fata ta fito fes. Sauran kwal ne.

A bayana bango ya yi ƙara. Kwanuka suka zube a kicin. Mangwaron tsakar gida ya fara kwantawa, saiwoyinsa na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Na damƙe hannun Mama da hannu biyu.

"Gidan na tafiya! Taho!"

"Saura kafaɗa."

"Mama!"

"Bar ni in gama. In ban gama ba, ba zai shiga gida ba."

Na ja. Wallahi na ja da dukan ƙarfina. Ta taho taku ɗaya. Da an bar ni, da na fitar da ita.

Sai hannu ya sauka a wuyan hannuna.

Sanyi ƙalau. Kaushi kamar dutse.

Ya ɓamɓare yatsuna ɗaya-ɗaya, a hankali, yadda ake karɓe wuƙa a hannun yaro.

"Nkem," ya ce. "Fita."

Ya wurga ni.

Na faɗi bayan shinge. Na rarrafa, na tashi, na sake faɗuwa. Ban ji wata babbar ƙara ba. Ƙasa ajiyar zuciya kawai ta yi.

Da na waiga, babu makewayi, babu mangwaro, babu gida. Rami ne, ƙura na fitowa daga bakinsa. Na kira ta har muryata ta mutu.

Masu tono sun zo washegari, suka leƙa, suka ce ba mai sa ƙafa a nan. Hukuma ta kewaye layin da waya, aka karkatar da titi ta wancan gefen dutse. Da yake babu gawa, dangi suka sare kututturen ayaba biyu a madadin Mama da Baba, aka naɗe su a zane, aka binne gefe da gefe a ƙauye. Sawun yatsun nan yana nan a wuyan hannuna, baƙi, ba sabulun da ban gwada ba.

Masu gaisuwa suna cewa ƙasa ce ta ɗauke ta. Ba na musu. Me zan ce musu? Na riƙe uwata da hannu biyu, ubana ya ƙwace?

Na san raina ya ceta. Na kuma ji dariyarta da kunnena. Duk da haka har yau ina fushi da shi. Shi ya samu mai wanke masa baya, ni ya bar ni ba uwa.