Ƙugin Akwatin Bilya

Rana ta yi ja a bayan rumbunan gero, awaki sun shigo, Rahamatu tana kwashe tuwo, lokacin da mijinta Bilya ya fito da akwatinsa tsakar gida. Wata biyar ya yi yana cin rani a Kano, a shagon wani mai gyaran rediyo, kuma a wannan shekara ta 1956 bai dawo Matameye da turmin atamfa ba kamar sauran maza. Da akwatin ƙarfe ya dawo, mai ƙara wa garmaho murya, irin wanda direbobin Damagaram ke kira ampili. Da hannunsa ya haɗa shi daga tarkacen shagon, kuma duk wanda ya gaishe shi sai ya sha wannan labari.

Ya jona batirin kamiyo, wato babbar mota, ya jona garmaho da lasifika. Ƙwayayen gilas huɗu da ke cikin akwatin suka yi ja a hankali. Batulu, 'yarsa mai shekara tara, ta tsuguna kusa har numfashinta na taɓa hannunsa. Ita kaɗai ta rayu cikin uku da suka haifa, kuma Bilya yana sonta son da bai iya ɓoyewa, ko da maza na yi masa dariya a kai.

Allura ba ta kai ga taɓa faifai ba ƙugi ya taso daga lasifikar. Ƙasa-ƙasa yake, mai kauri. Bilya ya san ƙugin inji, wanda ke tafiya miƙe ba hawa ba sauka. Wannan kuwa sai ya ɗan hau, ya ɗan sauka, ya tsaya kamar mai jan numfashi, sannan ya ci gaba. Awaki suka daina tuƙa, suka juyo suna kallon akwatin.

"Baba, wa ke ciki?" in ji Batulu.

"Ba kowa. Waya ce ta yi sako-sako."

Kwana uku ya yi yana neman wannan waya. Ya cire garmahon daga jikin akwatin, ƙugi na nan. Ya murɗa maɓallin murya har ƙasa, ƙugi na nan. Ya sauya ƙwayayen gilas ɗaya bayan ɗaya, ya sake narka dalma a kowace mahaɗa, ya nisanta batir, ya murɗe wayoyi biyu-biyu yadda aka koya masa. Ya lura da hantsi ƙugin yakan yi rauni, da faɗuwar rana ya yi ƙarfi, amma mutumin da ya yi wata biyar a Kano ba ya rasa bayani. Ya ce sanyin yamma ne ke taɓa batir.

Ran na uku, yana tsaye ba takalmi, ya dafa jikin ƙarfen da tafin hannu, sai ƙugin ya lafa. Ya ɗaga hannu, ya dawo. Bilya ya yi dariya shi kaɗai. Ƙasa akwatin ke nema. Maganin a bayyane yake: a kafa turken ƙarfe a ƙasa mai laima, a ja wayar tagulla daga jikin akwatin zuwa turken, a shayar da gindinsa ruwan gishiri.

To, bazara ce, duk Matameye rairayi ne busasshe. Wuri ɗaya ne a gidan ke da laima, wani lungu a bayan madafa, inda aka cike wata tsohuwar rijiya tun zamanin kakansa. Ƙasar wurin ba ta taɓa bushewa, kuma ba wanda ya taɓa cewa kada a taka ta, mutanen gidan dai sun tashi sun ga ana kewaye ta. Nan Bilya ya buga guntun ƙarfen kamiyo har ya nutse kamu biyu. Kantun gishirin Bilma ya ƙi narkewa a ruwan sanyi, sai ya ɗebo tafasasshe daga tukunyar Rahamatu. Ladan ya fara kiran magariba.

"Maigida, ruwan zafi a ƙasa yanzu?" in ji Rahamatu, muciya a hannunta. "Ko bisimilla ka yi, ka ba masu wurin dama su kauce."

"Aikin inji ne wannan, ba wanke-wanke ba."

Ya tuttula. Ƙasar ta yi cuu, ta shanye. A tsakar gida ƙugin ya yanke tsaf. Ya ɗora faifai, goge ya fito tas, babu ko ƙura a cikinsa, kuma Bilya bai taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba. Faifan bai kai ƙarshe ba dutse na farko ya faɗo kan rufin madafa.

Daga ranar, kullum tsakanin magariba da lisha ake jifan gidan. Maƙwabta suka hau katanga, suka zagaya lungu, ba su ga kowa ba. Duwatsun jiƙaƙƙu ne, da ɗumi, in sun bushe sai farin gishiri ya fito a jikinsu. Batulu ta daina wasa, ta daina cin tuwo, ta koma zama a bakin madafa tana kallon lungun. Bilya ya tumɓuke turken, ya cire batir, ya tura akwatin ƙarƙashin gado. Jifa bai tsaya ba.

Yamma ta huɗu, yana alwala, ya ji ƙugin ya dawo. Butar ta kuɓuce masa. Akwatin ba wuta, ya sani sarai. Ya bi sautin har bakin madafa, ya tarar da Batulu zaune, bakinta a rufe, hannayenta a naɗe kamar ta rungume jariri, tana jijjiga. Daga ƙirjinta ƙugin ke fita, ya hau, ya sauka, ya ja numfashi. Ya kira sunanta sau uku, ba ta waiwayo ba. Tsoro ya kama shi, tsoron da bai ji ba ko ranar da ya binne yayyenta biyu.

Da gari ya waye ya ari keke ya tafi Dungu, wurin Malam Abdulra'uf, wani tsoho siriri da aka sani da karatu a kan masu taɓin iska. Bayan la'asar suka iso. Malam ya duba lungun, ya duba ramin turken, ya shinshina ɗaya daga duwatsun, sannan ya dubi Bilya, kallon da ya fi zagi ciwo. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, Rahamatu ta riƙe yarinyar ta baya, ya fara karatu a kunnenta na dama.

Inuwar katanga ta rufe tsakar gida kafin ƙugin ya tsaya. Batulu ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta babbar mace ce, dasasshiya, irin ta wadda ta kwana uku tana kuka.

"Ya isa, malam. Ina jinka."

"Wace ce ke?"

"Mai wurin. Muna cikin rijiyar nan tun ana jan ruwa a cikinta."

"Musulma ce ke?"

"Tun ba a haifi kakanka ba."

"To me ya kai ki jikin 'yar mutane?"

"Ɗana ke fitar da haƙori. Kullum rana ta faɗi nakan rarrashe shi, ban san akwatin wannan mutum na ɗaukar muryata ba. Ya kafa mana ƙarfe a ɗaki, na yi haƙuri. Sai ya zubo ruwan. Da ya ambaci sunan Allah, da na ji, da na ɗauke yaron." Hannayen Batulu na ta jijjiga abin da babu. "Kwana uku yana kuka. Jiya ya daina."

Rahamatu ta fashe da kuka a bayan 'yarta. Bilya ya durƙusa a bakin tabarma.

"An zalunce ki," in ji Malam. "Amma yarinya ba ta zuba ruwa ba. Ki fita."

"Hannuna ba kowa. Zan tafi da ita in rena."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin Batulu ya sandare, ya lanƙwashe, jijiyoyin wuyanta suka tashi, duwatsu suka riƙa sauka a kan rufi kamar ƙanƙara.

"Ƙona ni!" muryar ta ce. "In da ƙuna zan fita, da ranta zan fita. Gwada ka gani."

Malam ya tsaya. Gumi na ɗiga daga gemunsa, kuma Bilya ya ga a fuskarsa cewa tsohon ya yarda da maganar.

"Ni na zuba," in ji Bilya. "Baiwar Allah, ni ne. Ki ɗauka a jikina."

"Rufe bakinka!" Malam ya daka masa tsawa. "Ba a yi musu alkawari!"

Amma idanun yarinyar sun riga sun juyo kansa. Suka daɗe a fuskarsa, suna dubawa yadda mace ke duba kaya a kasuwa.

"Kunnuwan nan," ta ce a hankali. "Su suka ji uwa na rarrashin ɗanta, suka ce waya ce ta yi sako-sako. Ba ni su, in bar maka ita. Ka yarda?"

Malam ya damƙi hannun rigarsa. Bilya ya san da kunne yake cin abinci, mai gyaran da ba ya ji kuwa ya gama aiki. Ya dubi wuyan Batulu, yadda ya rame cikin kwana huɗu, ya janye rigarsa daga hannun tsohon.

"Na yarda."

Ladan ya ɗaga murya da kiran magariba. Batulu ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki a ƙirjin uwarta. Bilya yana jin kiran sallar har tsakiyarsa, sai ya yanke. Ya ga bakin Malam na motsi, ya ga Rahamatu na kuka baki buɗe, ya ga akuya ta ture kwano ya gangara a ƙasa. Duk a cikin shiru.

Yarinyar ta buɗe ido. Ta dudduba, ta same shi durƙushe a bakin tabarma, leɓunanta suka haɗu suka rabu sau biyu. Ya gane kalmar: Baba. Shekara tara yana jinta safe da yamma, kuma daga ranar bai ƙara jinta ba har ya koma ga Allah.

"Na'am," ya amsa, da ƙarfi fiye da kima, har yarinyar ta razana. Ya rage murya yadda yake tsammani, ya sake cewa, "Na'am, Batulu. Ga ni."