Durƙuso a Titin Tabor

Ruwan soda ya fara cin yatsun Hedi, amma ba ta ɗago kai ba.

Ko mako ba a yi da shigowar sojojin Jamus Vienna ba, ga maƙwabtan da suka girma da burodin babanta sun kewaye ta suna dariya, tana durƙushe tana dirzar titi da burushi.

"Dirza da kyau, Bayahudiya," in ji Resi, 'yar mai gidan da suke haya.

Ita ta nuna wa 'yan Nazi ƙofar su Hedi. Ta daɗe tana son Ferdl, shi kuwa Hedi ya sa wa zoben alkawarin aure.

Sai Hedi ta ji mutum ya durƙusa gefenta.

"Ferdl... don Allah tashi."

"Matsa mini, 'yar mai burodi. Dama ba ki iya wanke-wanke ba."

"Kai fa Kirista ne, ba ruwansu da kai. Kashe ka za su yi."

"To su yi mana."

Ba su kashe shi ba. Haƙarƙarinsa suka karya, aka kore shi daga aiki.

Kafin bazara ta wuce an ƙwace gidan burodin an ba uban Resi, an tafi da baban Hedi sansanin fursunoni na Dachau. Auren Bayahudiya da wanda ba Bayahude ba ya zama laifi.

Wata rana mahaifiyar Ferdl ta zo wurin Hedi, ta ƙi zama.

"'Yata, ban taɓa ƙin ki ba. Amma shi kaɗai gare ni. Muddin kina garin nan, sai sun ga bayansa."

Hedi ta samu aikin aikatau a Ingila. Ta je ta sami Ferdl kwance, ta ajiye zoben kusa da filonsa.

"Na gaji, Ferdl. Ba na son ka."

"Masoyiyata... kalle ni ki sake faɗa."

Ta kalle shi ido cikin ido ta sake faɗa, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Sai da ta sauko daga bene ta toshe baki da mayafi tana kuka.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta dawo Vienna. Ba babanta, ba mamarta, ba wanda zai nuna mata kabari. Ta ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya da ta rage mata.

Mahaifiyar Ferdl ce ta buɗe, ta tsufa.

"Sun sa masa kaki sun tura shi Rasha. Can ya kwanta dama." Ta dafa ƙofa. "Don ya rayu na raba ku, Hedi."

"Mama... ya gane ƙarya na yi masa?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai.

"Na so in gaya masa, tsoro ya hana ni. Har ya tafi bai sake ambaton sunanki ba."